Blade Runner ya fi littafin da aka ciro shi daga ciki? Ku zo mu tattauna

Ɗan Sinima: Salamu alaikum jama'a. Jiya na ƙarasa Do Androids Dream of Electric Sheep?, littafin Philip K. Dick na 1968, daren kuma na sake kallon Blade Runner na Ridley Scott. Matsayata guda ce: fim ɗin ya fi littafin, nesa ba kusa ba. Littafin ya cika karkacewa, yanzu ana zancen dabbobi, anjima addini, anjima rigimar miji da mata. Scott ya share duk wannan ya bar ƙashin bayan labarin. Ga Los Angeles ta 2019 cikin ruwan sama da duhu, ga kiɗan da mawaƙi Vangelis ya tsara wa fim ɗin. Wa ya taɓa mance mutuwar Roy Batty, jagoran mutum-mutumin da aka ƙera da siffar ɗan Adam, a saman bene da kurciya a hannunsa?

Malamin Adabi: Wa alaikumus salam. Ƙanena, abin da ka ce an share ɗin nan shi ne littafin. A duniyar da Dick ya zana, yaƙin nukiliya ya kashe yawancin dabbobi, ƙura mai guba na sauka kullum, kuma mutumin da ba ya kiwon dabba abin kunya ne a unguwa, domin kiwo shi ne shaidar kana da tausayi. Rick Deckard, jarumin labarin mai farautar mutum-mutumin da suka gudu, tunkiyarsa ta gaske ta mutu, ba shi da kuɗin wata, sai ya ajiye ta lantarki a saman benensa yana ɓoye wa maƙwabta. Dala 1,000 ake biyansa kan kowane mutum-mutumi da ya kashe, burinsa kuwa bai wuce ya sayi dabba mai rai ba. Ka cire wannan, me ya sa yake kisa? Deckard na Harrison Ford ɗan sanda ne da aka tilasta wa komawa aiki. Na littafin magidanci ne mai mata, mai bashi, mai jin kunyar maƙwabci. Wannan na fi ganewa.

Ɗan Sinima: Malam, ai akwai mujiya da maciji na ƙira a fim ɗin.

Malamin Adabi: Akwai, a matsayin ado.

Maman Biyu: Ni abin da ya tsaya min a rai gizo-gizo ne. Wanda bai karanta ba: akwai wani bawan Allah Isidore da ƙurar ta taɓa wa ƙwaƙwalwa, kowa na raina shi, shi ne ya ba mutum-mutumin mafaka. Ya tsinci gizo-gizo mai rai, abin da ya yi wuyar gani, ya kawo musu da murna. Sai Pris, ɗaya daga cikinsu, ta ɗauki almakashi ta fara yanke masa ƙafa ɗaya bayan ɗaya, wai tana son ta ga ko zai iya tafiya da huɗu. Ba fushi take ba, ba ta ma san ta yi wani abu ba. Wallahi sai da na ajiye littafin na ɗan fita waje. Dick yana cewa waɗannan halittun suna da wayo amma ba su da tausayi. Scott ya juya maganar, ya mai da su waɗanda aka zalunta, har Batty ya ceci ran mai farautarsa. Labari biyu ne masu kishiyantar juna.

Ɗan Sinima: To Hajiya, ni juyin nan ne ya burge ni. An ƙera su bayi, an ba su shekara huɗu su mutu. Ba dole mu ji tausayinsu ba? Kuma kada mu manta Dick da kansa an nuna masa wani yanki na hotunan fim ɗin kafin ya rasu, ya yaba ƙwarai.

Malamin Adabi: Yanki ya gani. Ya rasu ranar 2 ga Maris 1982 yana da shekara 53, fim ɗin ya fito a watan Yuni. Yanayin garin ya yaba. Tushen littafin kuwa shi ya faɗa da bakinsa: lokacin da yake bincike don rubuta wani littafinsa, The Man in the High Castle, ya karanta rubuce-rubucen 'yan Nazi, ya ci karo da wani jami'i yana ƙorafin kukan yara masu yunwa na hana shi barci. Mutum ne a siffa, zuciyar babu. Da wannan ya gina mutum-mutuminsa.

Auta: Yayyena ku yi haƙuri in sa baki. Wane Blade Runner ɗin ma ake nufi? Na 1982 yana da muryar Deckard tana bayani da ƙarshe mai daɗi da kamfani ya liƙa. Na 1992 an cire su, sai na 2007 da Scott ya kammala yadda yake so. Ni na 2007 na gani.

Ɗan Sinima: Shi nake nufi, Auta.

Baban Gida: Na jima ina bin ku. Ɗan Sinima yana da gaskiya a kan kyan fim ɗin, ba na ja. Damuwata ɗabi'ar da ta biyo baya ce. Dick talakawa yake rubutawa, akawu da mai gyaran kaya da mai sayarwa a shago, shi ma ya daɗe cikin rashin kuɗi. A gajeren labarinsa na 1966 da aka yi fim ɗin Total Recall da shi a 1990, Douglas Quail ƙaramin akawu ne mai mafarkin zuwa duniyar Mars. Wa aka ɗauko ya fito a matsayinsa? Arnold Schwarzenegger. A gajeren labarinsa The Minority Report na 1956, Anderton, shugaban wata hukumar 'yan sanda, dattijo ne mai sanƙo da tumbi, yana tsoron yaro zai ƙwace masa kujera, kuma da gangan ya yi kisan domin hukumar tasa, mai kama mai laifi tun kafin ya aikata, ta tsira. Steven Spielberg a fim ɗinsa na 2002 ya ba Tom Cruise wannan matsayi, aka wanke shi, aka rushe hukumar, kowa ya koma gida da kwanciyar hankali.

Maman Biyu: Baba, banda A Scanner Darkly na Richard Linklater, 2006. Wannan ya riƙe amana, har jerin sunayen abokan Dick da ƙwaya ta kashe ko ta nakasa ya bari a ƙarshe.

Baban Gida: Haka ne 'yata, kuma shi ne mutane ƙalilan suka kalla.

Ɗan Sinima: Na yarda da batun Cruise da Arnold. Amma fim awa biyu ne, ba zai ɗauki akwatin tausayi, na'urar da mutanen littafin ke riƙewa su ji abin da 'yan uwansu ke ji, da Mercer, jagoran addininsu mai hawan dutse ana jifansa, ba. Har yanzu ina kan bakana.

Malamin Adabi: To koma shafukan ƙarshe. Deckard ya sayi akuya ta gaske da kuɗin kisan, Rachael, wata mutum-mutumi, ta turo ta daga saman bene. Ya fita daji a gajiye ya tsinci kwaɗo, dabbar da ake zaton ta ƙare, ya kawo gida cikin kwali yana rawar jiki. Matarsa Iran ta juya cikin kwaɗon ta ga ɗan murfin na'ura. Da ya yi barci, sai ta ɗauki waya ta yi odar ƙudajen lantarki da za a riƙa ba shi. Nuna min inda Scott ya yi kamar wannan.

Ɗan Sinima: Bari in sake karanta babin yau da dare, gobe bayan la'asar zan ba ka amsa.