Direbana ya jawo mini asara, zan iya riƙe albashinsa in sallame shi?

Mai Albasa, Mile 12:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da shago da sito a kasuwar Mile 12 da ke Legas, yara tara ke aiki a ƙarƙashina. Direbana ya shekara uku a wurina. Makon jiya na aike shi Alaba Rago da albasa, sai ya ratse ya ɗauko kayan wani don ya samu na kansa. Ruwa ya sauko, bai ja tamfol ba, buhu 14 suka jiƙe suka ruɓe. Na ce zan riƙe albashinsa na wata biyu in sallame shi. Washegari sai ga bidiyonsa a TikTok, wai ba na biyan mafi ƙarancin albashi, kuma zai kai ni kotu. Wallahi abin ya yi mini ciwo, don ni na biya kuɗin asibitin matarsa da ta haihu. Ba mu da wata takarda tsakaninmu, da baki muka shirya. Me doka ta ce?

Ɗan Apapa:
Wa alaikumus salam. Alhaji, Allah ya mayar da alheri. Harkar ma'aikata nake kula da ita a wani kamfanin dakon kaya, don haka ka saurare ni: kada ka taɓa albashin nan tukuna. Dokar Ƙwadago ta hana mai gida cire tara daga albashi da ra'ayin kansa. In sakacin ma'aikaci ya jawo asara, sai jami'in ƙwadago ya amince a rubuce kafin a cire, kuma duk abin da za a cire a wata ɗaya ba zai wuce kashi ɗaya cikin uku na albashin ba. Rashin takarda ba zai kare ka ba. Yarjejeniyar baki ma yarjejeniya ce, kuma kai doka ta ɗora wa rubuta masa sharuɗɗan aiki cikin wata uku da farawarsa.

Batun sallama, wanda ya yi shekara 2 zuwa ƙasa da 5, notis ɗin mako biyu ne, ko ka ba shi kuɗin mako biyun. Babban laifi yakan sa a kori mutum nan take, amma ka fara ba shi takardar tuhuma, ya amsa a rubuce, ka ajiye. Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda ke da reshe a Ikoyi, ta samu ƙarfi sosai tun gyaran tsarin mulki na 2010, kuma yanzu takan tambayi dalilin sallama da hujjarsa.

Maganar TikTok kuwa, dokar mafi ƙarancin albashi ta naira 70,000 da aka sa wa hannu a 2024 ba ta hau kan mai ma'aikata ƙasa da 25 ba. Ita kuma naira 85,000 da gwamnatin Legas ta sanar a 2024, ta ma'aikatanta ce.

Baba Idi-Araba:
Ɗana, duk wannan dogon zance na mene ne? Ka kira shugabannin kasuwa da wanda ya tsaya masa, a zauna a yanke. Mu haka muka taso muka gani.

Hajiya Mai Burodi, Agege:
Baba, Allah ya ƙara girma, sulhu ya fi, amma yaran yanzu sai su amince gaban manya su koma su kunna waya. In za a zauna, a rubuta abin da aka yanke, kowa ya sa hannu da shaidu. In ya ƙi, gwamnatin Legas tana da cibiyar sulhu ta jama'a a ƙarƙashin Ma'aikatar Shari'a, kyauta suke yi. Alhaji, ka adana bidiyon, kada ka mayar masa da martani, kada kuma ka kira masa 'yan sanda. Sauran yaran takwas ka yi musu takarda tun yanzu, har da ranar hutu da wanda zai ɗauki asara in kaya ya lalace.

Mai Albasa, Mile 12:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Ɗan Apapa, takardar tuhumar dole sai da Turanci? Shi Hausa da ajami kawai yake karantawa.