Tallafin gwamnati ga manoma: wa ya taɓa samu, kuma ta wace hanya?

Manomin Tawa:
Salamu alaikum 'yan uwa. Ina son kowa ya faɗi abin da ya gani da idonshi. Ƙanena da ke karatu waje ya ce mini a Amurka tun 2014 suna da tsarin da in kuɗɗin da manomi ya samu ga masara ko alkama ya faɗi ƙasa da na shekarun baya, gwamnati na cika mishi wani kaso. Mu nan Nijar rangwamen taki da iri kaɗai na sani. Akwai wanda anka taɓa ba kuɗɗi a hannu don farashi ya karye?

Mai albasa, Galmi:
Wa alaikumus salam. Kuɗɗi a hannu kam ban taɓa gani ba wallahi. Kuma mu masu albasa wurin nan ne ciwonmu, watan uku da na huɗu kowa ya cire lokaci guda kasuwa ta cika, ɗan kasuwa shi ka yanka farashi, kai kuma ga bashin taki ga na esansi ga masu aiki na jiranka ƙofar gida, dole ka saida. Wanda ke da hali ya zuba cikin rudu, wato rumbun ajiyar albasa, ya jira har bayan damana ya samu riba, amma rudu ma na cin rabonshi, wata ta ruɓe wata ta tsira. Sannan da anka rufe iyakar Benin a 2023 hanyar motoci ta yi nisa, mu anka zaftare ma kuɗɗin.

Uwar marayu, Keita:
Ni ta ƙungiyarmu ta mata munka samu irin wake da gero. Iri mai kyau ne, Allah shi saka, sai dai ya iso bayan mun yi shibka. Na aje na shibka shekarar da ta biyo.

Manomin Tawa:
Sannu Hajiya. Zancen latti nan kowa na kuka da shi.

Ɗan Ƙonni:
Mu da ke noman rani cikin fulotin ONAHA, hukumar gwamnati mai kula da filayen ban ruwa, taki ta koferatif yake zuwa, tun zamanin da CAIMA, hukumar gwamnati ta taki da kayan noma, ke riƙe da shi har sauyin da anka fara a 2018 'yan kasuwa sunka shigo. In sunanka na cikin takardar koferatif ka samu, in aro ko haya kake noma to sunan mai gona ne a rubuce, nan ne talaka ke faɗuwa. Abin da ya fi yi mini amfani shi ne ajiyar hatsi a magaza, a ba ka bashi kan buhunanka, in sun yi daraja ka saida ka biya.

Malamin lakwal, Madawa:
Kar mu manta da saida hatsi da rahusa na OPVN, hukumar gwamnati mai ajiyar abinci, lokacin bazara da damana, shekarun baya jikka 13 buhu mai kilo 100, ya ceci gidaje da yawa har da namu. Amma wannan taimakon mai ci ne. A watan goma na 2024 an hana fitar da hatsi waje ban da Mali da Burkina, mai saye ya ji sauƙi, babana kuma da ya noma dawa ya saida ƙasa da abin da ya sa rai. Ni a ganina in gwamnati za ta sayi hatsi ga manoma, ta sanar da farashi tun kafin kaka kuma ta biya nan take.

Mai albasa, Galmi:
Malam, a sa albasa ciki don Allah, kullum zancen hatsi ne kawai.