Sana'ar tsofaffin tayoyin tirela a Katsina: abin da aka tattauna

Jama'a, maganar yadda ake saye da sayar da tsofaffin tayoyin tirela ta yi tsawo, ga abin da na tsinto.

1. Kusan kowa ya yarda a wajen saye ake cin riba, ba wajen sayarwa ba. Masu motoci da ke sauya taya sun fi dillalai sauƙin farashi.

2. Dubawa, nan aka fi daɗewa. A tsayar da tayar, a leƙa cikinta da tocila, a shafa da hannu. Huji a tsakiya mai faci zai gyara, amma kumburi ko tsagewa a gefe, ko waya ta leƙo, a bar ta ko da kyauta ce. A karanta lambobi huɗu na ƙarshen DOT, wato lambar da ke rubuce a gefen taya: 3522 na nufin an ƙera ta a mako na 35, shekarar 2022. Masu sake yanka zane da wuƙa don taya ta yi kamar sabuwa, an ce a kiyaye su. Ni ma nan na tsaya, rai ake ɗauka.

3. A fara da girman da ake nema, irin 315/80R22.5 da 12.00R20.

4. An rabu kan tayoyin da ke shigowa ta iyakar Nijar, Jibiya ko Kongolam. Wasu sun ce sun fi lafiya, wasu sun tuna cewa kwastam na kama tsofaffin tayoyi, jari ya tafi a dare ɗaya.

5. Bashi ma ba a daidaita ba. Masu ba direbobi bashi sun ce haka ake riƙe ciniki, sauran sun ce kuɗi hannu.

Tayar da ta mutu a sayar wa masu yin guga da takalma.