Goggona da 'yarta duk dajin nono, ni ma ina cikin haɗari?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah a ɓoye sunana. Ina aure a wani ƙauye ta wajen Gwaram, shekarata 28, yarana uku, ƙaramar tana nono. Goggona, ƙanwar Babanmu, ta rasu da dajin nono ba ta kai 45 ba. Ni na yi jinyarta. Aka yi ta barbaɗa mata garin magani ana cewa jifa ne, har wurin ya fashe, kullum sai na turara ɗakin kafin 'yan dubiya su shigo. To bana kuma 'yarta, mai shekara 33, asibiti sun ce shi ne. Tun ranar barci ya ƙaurace mini. Innarmu ta ce in kwantar da hankalina tunda dangin uba ne, ban sha nononsu ba. Maigidana kuma cewa ya yi mai lafiya ba ya zuwa asibiti neman cuta. Ni dai ban ji komai a jikina ba. Yaya zan yi?

Maman Usaina: Allah ya jiƙan Goggo, ya tashi kafaɗar 'yarta. Ki rage tunani kar ruwan nono ya ɗauke wa yarinya.

Anti Nas: Ƙanwata, Inna ta faɗa ne don ta lallashe ki, amma wannan ciwo ba a nono ake shan sa ba. Wanda ake gado, a ƙwayoyin halitta yake, waɗanda aka fi sani su ne BRCA1 da BRCA2, kuma uba yana bayar da su kamar yadda uwa take bayarwa. Namiji zai iya ɗauke da matsalar har tsufa lafiya lau, ya miƙa wa 'yarsa. In mahaifi yana da ita, kowane ɗa nasa rabi da rabi ne, ko ya gada ko ya tsira. Kar ki firgita, na gadon bai wuce kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na masu ciwon ba. Abin da ya tsaya mini a labarinki shi ne shekarun: mutum biyu a tsatso ɗaya, kowacce ƙasa da 50. Ki zauna da Baba ki tambaye shi, ki rubuta a takarda: wa ya yi daji, a wane sashe na jiki, yana da shekara nawa. Har maza, domin namiji ma yana yin na nono, ga na furostet, wata gaɓa da ke ƙasan mafitsarar maza. In akwai auren zumunci a gidanku, ki bi dangin Inna ma. Sai ki kai wa likita takardar a Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu, in da buƙata su tura ki Asibitin Malam Aminu Kano.

Ummu Khalifa: Amma Anti ai an ce mai shayarwa ba ta kamuwa.

Anti Nas: Shayarwa tana ragewa, ba ta hanawa. Mai shayarwa ma ta fi saurin ruɗuwa, ta ji ƙulli ta ce nono ne ya daskare. In ya yi mako biyu bai baje ba, ko fata ta koma kamar ɓawon lemo, ko kan nono ya shige ciki, ko jini na fita, ko ƙulli a hammata, a je asibiti. A shekarunta yawanci sikanin ake fara yi, don naman nonon matashiya yana da kauri, hoton mamogiram ba ya nunawa sosai.

Hajiya Babba: 'Yata, maganar maigida kar ki ja da shi. Ki sa wanda yake jin nauyinsa ya yi masa magana, ko ki roƙe shi ya raka ki dubiyar 'yar Goggon ya gani da idonsa.

Mai tambaya: Na gode, Allah ya saka. Jiya na je gida na tambayi Baba. Ya ce mahaifiyarsu ta rasu shekarar da aka ƙirƙiro Jigawa, cikinta ya kumbura kamar mai juna biyu, kuma ko furfura ba ta fara ba. Wannan ma in rubuta?

Anti Nas: Ki rubuta, 1991 ke nan. Ciwon hanta ma yana kumbura ciki, amma dajin ƙwan mace shi ma haka yake yi, kuma hanyarsu ɗaya da na nono a gado. Ki faɗa wa likita yadda Baba ya faɗa miki. Kina da ƙanne mata?

Mai tambaya: Biyu. Ɗayar bayan Sallah za a ɗaura mata aure.