Kunnuwan sarƙar injina suna ta karyewa: a yi walda ko a jira na Kano?

Mai injin man gyaɗa, hanyar Mirya:
Salamu alaikum ƴan uwa. Ina da injin da ke ɗaukar gyaɗa daga ƙasa ya zuba ta a bakin na'urar matsa, irin mai kofuna jere a jikin sarƙa. Kowane kofi an ɗaure shi da noti a kan kunnuwa biyu da suka fito dama da hagu. Tun da kakar bana ta shigo kunnuwan nan ke tsagewa daidai wurin lanƙwasa, kofi ya faɗa ya cije, aiki ya tsaya, ga mata sun kawo gyaɗarsu suna jira. Na zaga kasuwar Dole, sarƙa zalla akwai, mai kunne ban samu ba. Mai walda ya ce in kai ya liƙa mini. Wanda ya taɓa shiga wannan hali, don Allah ya faɗa mana yadda ya fita.

Makanike, Zango:
Wa alaikumus salam Alhaji. Ni ba na goyon bayan walda, kuma da idona na ga dalili. An taɓa kira na wani gidan niƙa inda aka liƙa kunnuwa a jikin sarƙa tana kan inji. Waldar ta yi kyau, ba ta saki ba, amma gaɓar ce ta tsage gefenta. Ƙarfen nan tun daga masana'anta an gasa shi an daidaita taurinsa, wutar walda kuwa warware wannan aikin take yi. Da ta tsinke, kofuna duka suka zubo cikin bututun da sarƙar ke bi ta ciki, sai da muka yanka jikinsa kafin mu fito da su.

Naka da ke da kunne a gefe biyu shi ake ce wa K. In rami ɗaya ne a kowane kunne K-1, in biyu ne K-2. Mai kunne a gefe ɗaya shi ne A. Akwai kuma wanda ba a lanƙwasa ba, tsaye yake cak, ana tura kaya da shi. Kofi mai nauyi K-2 ya fi riƙe shi, don noti biyu ba sa barin sa ya yi lilo.

Mai walda, Garin Malam:
Maigida, gaskiyarka, amma a duba halin mutum. Kaka ba ta jira. Na sha liƙa wa mutane don su ƙarasa aikin da ke gabansu. Sai dai ni ba na taɓa sarƙa tana kan inji: a ciro gaɓar, in liƙa a farantin waje nesa da ƙusar da ke haɗa gaɓa da gaɓa, in bar ta ta huce da kanta, ban da tsoma ta a ruwa. Kuma ina faɗa wa mai ita cewa ta wucin gadi ce. In abin da injin ke ɗagawa yana bi ta kan mutane, ko nawa za a ba ni ba na yi.

Hajiya mai abincin kaji, Sabon Gari:
Tawa sarƙar ƙarama ce, tana jan dusa cikin kwararo. Lokacin da aka rufe iyakar Nijar da Najeriya a 2023 na rasa yadda zan yi in samu sabuwa, har wani ɗan aike ya samo mini. Na ce masa lambar sarƙata 08B ce, ya kawo mai lamba 40, ya rantse duk ɗaya ne. Tazarar ƙusa zuwa ƙusa kam ɗaya ce, milimita 12,7. Amma 08B ma'aunin Turai ne, 40 na Amurka, kuma ƴan tayoyin ciki ba su yi daidai ba: na 08B kaurinsu 8,51, na 40 kuwa 7,92. Ta hau haƙoran faifan da ke jan ta ta juya, sai ƙara, sai tsalle, kowane tsalle kuma kunnuwa ne ke shan shi. Alhaji, ka goge gaɓa ɗaya da fetur ka karanta lambar da ke jikinta kafin ka aiki kowa.

Wani abin da ya taimake ni: na sa aka cire farantan ƙarfe da ke share dusa, aka ɗaura na roba mai tauri. In dutse ya shiga, robar ce ke ci, kunne ya tsira.

Ɗan kasuwa mai zuwa Kano:
Ina bin hanyar Matameye zuwa Daura, a Ƙofar Ruwa nake sayo wa mutane irin wannan. Hoto a waya ba ya isa. A ba ni gaɓa mai kunne guda a hannu, a faɗa mini bayan gaɓa nawa kunne ke dawowa, a auna tsakanin ramukan kofi. Gaɓoɓi masu kunne ana samun su daban, ba dole sai an sayi sarƙa sukutum ba.

Baba, tsohon mai kula da injina, Birni:
Ƴaƴana, kuna ta maganar gyara, ba wanda ya tambayi me ke karya su. Kunne ba ya tsagewa haka nan banza. A aikina, mafi yawan lokaci gindin injin ne. Yara su kashe wuta da dare gyaɗa tana cike a ƙasa, da safe a kunna, kofin farko ya haƙa cikin tulin da ya danƙare, ga tsakuwa da ke biyo gyaɗa daga gona. Wannan fizgar a wurin lanƙwasa take sauka. Dokar da na kafa wa yarana ita ce a tsayar da zuba, a bar inji ya juya har kofuna su fito wayam, sannan a kashe.

Sai giris. Da hunturun nan namu, giris mai yawa ya haɗu da ƙura ya zama tamkar dutsen wasa wuƙa, yana cin ƙusa a ɓoye. Mai kaɗan, mai ruwa-ruwa, a ɗiga shi tsakanin faranti da faranti, a goge na waje.

Ka kuma auna miƙewa. In 16B ce, gaɓa goma a sabuwa milimita 254 ne. Ta kai 259, wato kashi 2 cikin 100, to ga sarƙa mai ɗauke da kofuna ta gama aiki, sabon kunne ba zai cece ta ba.

Mai injin man gyaɗa, hanyar Mirya:
Allah ya saka da alheri. Baba, 16B ce, na auna na samu 261. Na buɗe gindin kuma na kwashe tsakuwa da ƙasa cikin tiya. Mai zuwa Kano, zan aiko maka da gaɓar kanta.

Makanike, Zango:
To Alhaji, sarƙa sukutum za ka saya ke nan, kuma ka haɗa da faifan haƙora na sama da na ƙasa, don tsofaffin haƙora sun ci daidai da tsohuwar sarƙa, za su lalata sabuwar da wuri. Ka sa raga a bakin zuba saboda tsakuwa. Ran da kaya suka iso ka kira ni in zo mu ɗaura, ina so in duba saitin sanduna biyun da faifan ke kansu da kaina.