Shin SBCL ce ke cinye memori, ko saba mai araha ce ta gaza?

Abubakar, Jekadafari: Jama'a, na ɗora manhajar rajistar ɗalibai da na rubuta da harshen kwamfuta na Common Lisp a kan saba (kwamfutar da nake haya a intanet) mai memori megabait 512, amma da zarar masu shiga sun yi yawa sai Linux ta kashe ta. SBCL, manhajar da ke harhaɗawa da gudanar da Common Lisp ɗin, tana cinye memori kamar gara, kamfanin da nake haya a wurinsa kuma amsarsa ɗaya ce, in ƙaro kuɗi.

Injiniya Hauwa: Malam Abubakar, ba cinyewa take yi ba, keɓewa take yi. Tun tashinta take kama filin adireshin memori mai faɗi, wanda kan kai gigabait 8 a na'urori masu bit 64, alhali ba duka take taɓawa ba. Idan ka buɗe top, manhajar da ke nuna abin da kowane aiki ke ci, layin RES (memorin da ake amfani da shi a zahiri) za ka duba, ba VIRT (duka abin da aka keɓe) ba.

Sani, Pantami: Ranki ya daɗe, a tsofaffin sabobin OpenVZ, tsarin da ke raba saba ɗaya ga masu haya da yawa, abin da aka keɓe ma lissafa shi ake yi, saboda haka ga mai biyan kuɗi keɓewa da cinyewa ba su da maraba.

Injiniya Hauwa: Wa ya ce maka OpenVZ yake haya? Kada ka ƙaƙaba masa sabar da bai ambata ba domin kawai ka ci gardama.

Alhaji Garba: Ni abin da ke ba ni mamaki shi ne mutum ya bar harshen PHP ya ɗauko Lisp, harshen da John McCarthy ya ƙirƙiro tun 1958.

Sani, Pantami: Alhaji, a 1999 SBCL ta ɓalle daga CMUCL, wata manhajar Common Lisp da ta riga ta, PHP kuwa ta fito a 1995, to wace ce tsohuwar?

Maryam, Bajoga: Yaya Abubakar, Hunchentoot, wanda ke karɓar masu shiga shafi a Common Lisp, yana buɗe zare (layin aiki) guda ga kowane mai shiga, har 100 idan ba a rage ba. Ka rage adadin, ka ƙayyade memorin da SBCL za ta keɓe da --dynamic-space-size, ka ƙara swap (filin diski da ke zama madadin memori), kuma ka harhaɗa manhajar a kwamfutarka da save-lisp-and-die, umarnin da ke adana ta a fayil guda, kafin ka ɗora ta.

Alhaji Garba: Sani, shekarun harshe nake nufi, kuma ka sani sarai.

Abubakar, Jekadafari: Swap ɗin megabait nawa, Malama Maryam?

Alhaji Garba: A matsayina na shugaban wannan zaure, na ga kowa ya amince cewa Lisp ba ta dace da saba mai araha ba, don haka na rufe maganar.

Injiniya Hauwa: Alhaji, ban da ni a cikin kowan.