Tun da 'yan jari-bola suka yi ƙaranci, ina kuke kai robobinku?

Magidanci, Kubwa: Assalamu alaikum jama'a. Tun Janairun 2025 da aka hana 'yan jari-bola yawo a cikin unguwannin Abuja, saboda satar murfin kwalbati da wayoyin fitilun titi, sharar gidana ta ƙaru. A da akwai yaron da ke zuwa da kura duk Asabar, ya kwashe goruna da gwangwanaye da kwalaye, har ya bar wa yara 'yan canji. Yanzu komai buhu ɗaya nake ɗurawa, abin yana damuna. Ku yaya kuke yi?

Mai zoɓo, Nyanya: Wa alaikumus salam. Ƙanena, a wurina gora ba shara ba ce, jari ce. Maƙwabta ke tara mini, in wanke da ruwan zafi da sabulu, in kife su a rana, in zuba zoɓo da kunun aya. Ka duba layinku, ba za ka rasa irina ba.

Mai sikeli, Fantekar Dei-Dei: Alhaji, shekara goma sha ɗaya ina wannan sana'a. Ɓarayi sun shiga cikinmu, ban musa ba, ni kaina na sha korar yaro da ya kawo mini ƙarfen da na san na titi ne. Amma a san abin da muke ɗauke wa gari. Farar gora daban muke warewa, murfinta daban, don robarsu ba iri ɗaya ba ce. A niƙa, a ɗura a buhu, a loda zuwa masana'antu a Kano ko Legas. Gwangwanin lemo kuwa masu zubin tukwane ke narkawa. Matsalar ita ce yanzu an ce yara su tsaya a juji. Kafin kwali ya isa can ya sha miya da kunzugun jarirai, ba mai saye ko a kyauta. Abin da aka ware tun daga gida shi ke da daraja.

Tsohon direba, Lugbe: Ɗana mai sikeli ya faɗi gaskiya. Na shigo garin nan a 1992, shekara guda bayan dawowar gwamnati daga Legas. Lokacin in ka ɗauki hanyar filin jirgi, daji ne da gonakin Gbagyi. A Mpape ake zubar da shara, gari ya cim mata, aka koma Gosa. Yau ka je ka ga yadda gine-gine ke matsowa can ma. Da hunturu, in jujin ya kama da wuta, hayaƙin har cikin maƙogwaro kake jinsa. Tsarin da aka zana wa birnin a 1979 ya bar filayen shan iska da hanyoyin ruwa, amma na ga rafin da nake wanke mota a ciki ya zama katangar wani. In Gosa ta cika, gonar wa za a karɓa kuma?

Uwar yara, Mararraba: Baba, mu da haya ta koro mu Nasarawa, ledar fiya wata ce ciwonmu. Ba mai tsinta. Daminar bara ta toshe kwatarmu, ruwa ya shigo ɗaki cikin dare, littattafan yarana duk suka jiƙe.

Magidanci, Kubwa: Allah ya kiyaye gaba, Hajiya. Malam mai sikeli, na rataye buhu biyu a bayan kicin, ɗaya na goruna, ɗaya na kwali. In sun cika zan sa a but ɗin mota in kawo. Ana matse gorar ne, ko a bar ta yadda take?

Mai sikeli, Fantekar Dei-Dei: Ka take ta da ƙafa, Alhaji, buhun zai fi ci. Ka dai zubar da ragowar ruwan tukuna.